Awarwaron Disney: Yadda Makullin Ɗakin Otal Ya Koma Kayan Sayarwa

A watan Mayun 2019 kamfanin Disney ya fito da wani sabon tsari ga baƙin da suka kama ɗaki a otal-otal ɗinsa na Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka. Tun 2013 kamfanin yake bai wa baƙin otal awarwaron roba kyauta, mai launi ɗaya babu zane, wanda ake kira MagicBand. Sai aka ce daga yanzu wanda yake so zai iya barin na kyautar, ya cika kuɗi daga dala 10 zuwa sama, a ba shi mai zane: mai hoton Mickey Mouse, ko na gimbiyoyin katun, ko na Star Wars. Samfuri sama da 30 aka jera a shafin kamfanin. Kafin ka ce kwabo da yawa sun ƙare, iyaye suka riƙa zarya a shafin safe da yamma suna duba ko an ƙaro kaya.

Wanda ya ji labarin sama-sama cewa zai yi ado ne kawai, an ƙara wa yara abin murna. Amma ba a cika shekara 2 ba, ranar 1 ga Janairun 2021, aka daina ba da na kyautar ɗungurungum. Yau duk baƙon da yake son awarwaro a hannunsa sai ya saya, kuma sabon samfurin da aka fitar a 2022 ya fara ne daga dala 34.99. A ganina zanen nan shi ne ya share hanyar da aka bi daga kyauta zuwa saye, shi ya sa ya kamata a koma baya a ga yadda abin ya faro.

Ciwon da aka so a yi wa magani

Walt Disney World gari ne guda, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 100. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoban 1971 da filin Magic Kingdom, EPCOT ya biyo baya a 1982, sai filin da yanzu ake kira Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Ga wuraren wasan ruwa 2, ga otal sama da 20 mallakin kamfanin, ga bas-bas da ƙananan jiragen ruwa da jirgin ƙasa mai bin dogo ɗaya suna ta jigilar jama'a. Magic Kingdom kaɗai ya karɓi baƙi kusan miliyan 21 a 2019.

Ka ɗauki magidanci da matarsa da 'ya'ya huɗu a wajajen 2008. Kowannensu yana da kati, katin nan shi ne makullin ɗaki kuma shi ne tikitin shiga, amma duk suna aljihun uba don kada yara su yar. A bakin shiga akwai ƙofar ƙarfe mai juyawa, sai ya fito da kati shida, a zura su ɗaya bayan ɗaya, uwa kuma tana fama da keken jariri da ba ya bi ta ƙofar. Da an shiga sai tsere ya fara. Tun 1999 akwai tsarin FastPass na rage tsayuwar layi: ka je gindin lilon da kake so, ka zura tikitinka a na'ura, ta ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo ka hau. Don haka uba zai kwashi katunan iyali ya ruga can ƙarshen fili cikin zafin Florida, ya karɓo takardu shida, ya dawo yana neman inda ya bar su. Idan lilon mai farin jini ne, kafin azahar takardun ranar sun ƙare. Ga kuma katin hotuna daban, ga walat. Mutum ya biya kuɗi masu yawa don ya huta, sai ya koma gida a jigace, kuma abin da ya fi damun shugabannin wurin ke nan: baƙin da suka zo karon farko, da damansu ba su da niyyar dawowa.

A zamanin da Meg Crofton take shugabancin Walt Disney World aka kafa ayarin da zai duba matsalar, aka raɗa wa aikin suna Next Generation Experience. A watan Janairun 2013 Tom Staggs, shugaban sashen wuraren shaƙatawa na kamfanin a lokacin, ya sanar da shi ga duniya da sunan MyMagic+. Kuɗin da aka ruwaito an kashe sun kai kusan dala biliyan 1. Awarwaron kansa ɗan kaɗan ya ci daga ciki. Inda kuɗin suka tafi shi ne canza makullan ƙofofin ɗaki sama da dubu 20, da tumɓuke ƙofofin ƙarfe masu juyawa, da shimfiɗa intanet a duk filayen, da haɗa tsofaffin kwamfutocin otal da na tikiti da na gidajen abinci su riƙa magana da juna, da koya wa dubban ma'aikata sabon aiki.

Abin da ke cikin robar

A cikin awarwaron akwai rediyo iri biyu. Na farko sai an taɓa yake aiki, irin fasahar RFID da ke cikin katin banki na zamani, kuma ba ya buƙatar batir. Shi ne mai buɗe ɗaki, shi ne tikiti, da shi ake biyan kuɗi. Na biyu yana da ɗan batir da aka rufe a ciki, mai yin kimanin shekara 2, yana ta aika sigina da na'urorin da aka kafa a filayen suke jiyowa daga nesa. Ba a rubuta sunanka ko lambar katin bankinka a cikin na'urar. Lamba ce kawai a ciki, lambar kuma tana nuni ga asusunka da ke rumbun kwamfutocin kamfanin. Idan ya ɓata sai a kashe shi daga manhaja, wanda ya tsinta roba kawai ya tsinta. Ruwa ba ya ɓata shi, ana iyo da shi.

A shekarun da ake ba da shi kyauta, baƙon da ke zaune a Amurka tun yana gida ake aiko masa da nasa. Makonni kafin tafiya akwati zai iso ta gidan waya, a buɗe a tarar da awarwaro a jere, kowanne da launin da mai shi ya zaɓa da sunansa a buge a ciki. Launi 7 aka fara da su: ja, shuɗi, kore, ruwan hoda, rawaya, ruwan lemo da ruwan toka. Wanda bai zaɓa da wuri ba, mai ruwan toka zai tarar a teburin karɓar baƙi. Girman duk ɗaya ne, sai dai gefen waje ana iya ɓare shi, ya rage ɗan ƙarami daidai hannun yaro. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, don ta raba kamfanin da wahalar ajiye manya da ƙanana, ta kuma raba uwa da auna hannun kowane yaro.

A bakin shiga yanzu babu ƙofa. Sanda ce a tsaye, a kanta ƙwallon ƙarfe mai tambarin kan Mickey. Ka ɗora tambarin da ke hannunka a kan nata, ka sa yatsa a na'urar da ke gefe, haske ya zagaya, ya koma kore, ka ji 'yar ƙara, ka wuce da keken jaririnka ba tare da ka naɗe shi ba. Idan hasken ya yi shuɗi akwai matsala, ma'aikaci zai matso da na'ura a hannu ya duba.

Inda aka fi ganin aikin rediyon nesa shi ne gidan abinci na Be Our Guest a Magic Kingdom, wanda aka buɗe a ƙarshen 2012. A shekarun farko, da rana, baƙo yana iya zaɓar abincinsa tun kafin ya iso. Yana doso ƙofa na'ura ta sanar da ma'aikaci, a gaishe shi da sunansa, a ce ya zauna duk teburin da ya ga dama. Ba a ba shi lamba ba, bai ɗaga hannu ba, sai ga mai kawo abinci ya turo keke har gabansa. Wanda ba shi da awarwaro akan ba shi wata 'yar na'ura mai siffar jan fure ya ajiye a kan tebur, ta yi aiki iri ɗaya. Haka nan hoton da kyamara ta ɗauke ka kana kan lilo, kai tsaye yake faɗawa asusunka.

An kuma maye gurbin takardun FastPass da FastPass+, inda kake zaɓar lilo 3 na kowace rana tun daga gida. Baƙin otal kwana 60 kafin zuwa suke zaɓa, sauran jama'a kwana 30. Wannan ya kashe tseren safiya, amma ya haifi nasa ciwon kan, tunda sai mutum ya yanke shawarar wane lilo zai hau da ƙarfe nawa tun saura wata 2, bai san ko ranar za a yi ruwa ko yaro zai tashi da zazzaɓi ba. Duk da haka a farkon 2014 shugaban kamfanin, Bob Iger, ya shaida wa masu hannun jari cewa tsarin ya sa Magic Kingdom ya iya ɗaukar ƙarin baƙi kusan 3,000 a rana lokacin hutun Kirsimeti.

Har zuwa nan ni ban ga abin kushewa a niyyar ba. Karɓar baƙo ne na gaskiya: a sauke masa kaya daga hannu da aljihu, a bar shi ya kalli 'ya'yansa.

Amma abin da ya sauƙaƙa wa baƙo shi ne kuma ya sauƙaƙa wa kamfani. Baƙon otal yana ajiye katin bankinsa a asusu, daga nan duk abin da ya saya sai dai ya taɓa hannu a na'ura ya danna lambar sirri, lissafi ya taru a kan ɗakinsa. Wanda ba ya ƙirga kuɗi da hannunsa ba ya jin zafin fitarsu sai ranar tafiya. Rediyon nesa kuma yana nuna wa kamfani inda jama'a suka taru, inda suka daɗe, da inda suke wucewa ba su tsaya ba. Tun a watan da aka sanar da tsarin, Ed Markey, ɗan majalisar wakilai daga jihar Massachusetts a lokacin, ya rubuta wa Iger wasiƙa yana tambayar me za a yi da bayanan yara. Iger ya mayar da martani mai zafi cikin 'yan kwanaki, ya ce zargin ba shi da tushe, ɗaura awarwaron ba dole ba ne, babu GPS a cikinsa, kuma ba a amfani da bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 wajen tallata musu kaya. Gaskiya ne akwai zaɓi, don wanda ba ya so ana ba shi kati, katin kuma ba shi da rediyon nesa. Sai dai tambayar Markey tambaya ce da ta dace a yi, kuma ban ga dalilin fusata a kanta ba. Uban da za a ɗaura wa ɗansa na'ura mai aika sigina yana da haƙƙin ya ji bayani a tsanake.

Shigowar zane

A nan ne gundarin maganar yake, kuma tushenta wani abu ne na fasaha da ba kowa yake lura da shi ba. Tunda awarwaron lamba ce kawai mai nuni ga asusu, duk wanda ka taɓa mallaka yana ci gaba da aiki. Na bara zai buɗe ɗakin bana. Ko batirin ya mutu, ɓangaren taɓawa yana nan daram. Wanda ya zo sau ɗaya ba ya buƙatar sabo idan ya dawo. Amma kamfanin ya ci gaba da aika sabo kyauta a kowace tafiya, har iyalan da suke zuwa duk shekara suka cika durowa da su. Kowanne kuwa roba ne da batir da akwati da kuɗin aikawa.

To ta yaya za ka sayar wa mutum abin da yake da shi, kuma nasa bai lalace ba? Sai dai ka canza masa fuska.

Tun 2014 aka fara sayar da awarwaron a shagunan filayen ga waɗanda ba su sauka a otal ɗin kamfanin ba, marar zane a kan dala 12.95. Sai ƙananan kayan ado da ake cusawa a ramukan robar. Sai masu zane. Sai waɗanda ake buga adadi ƙayyadadde, a sa su a akwati na musamman, a fitar da su don bikin Halloween ko na Kirsimeti ko buɗe wani sabon lilo. Irin waɗannan na ƙarshe an yi musu wata dabara mai ƙarfi: idan ka taɓa su a sandar bakin shiga, a maimakon koren haske da kowa yake samu, sai wani launi ya fito da wata ƙara ta daban. Mutanen da ke bayanka a layi za su juyo. Yaron da ke kusa zai kalli hannunsa, ya kalli ubansa. Babu tallar da ta kai wannan, kuma baƙon da ya saya ne yake yi wa kamfani ita kyauta. Nan da nan aka sami masu tara su, waɗanda suka ƙare a shago kuma suka koma kasuwar intanet ta eBay da farashi mai tsada. An kafa rumfunan da za ka zaɓi zane a allon kwamfuta, ka rubuta sunanka, a buga maka nan take. Kamfanin jakunkuna na Dooney & Bourke ma ya fitar da nasa zanen, ya fi na gama-gari tsada.

A ƙarshen 2016 aka fito da MagicBand 2. An tattara na'urar gaba ɗaya a wani ɗan faifai da ke tsakiya, wanda ake kwancewa da ƙaramin sukurudireba a mayar da shi cikin maƙalin makulli ko wani abin ratayawa. Waɗannan ma sayar da su ake yi. Daga nan na'ura ta rabu da rigarta, rigar kuma ita ce kasuwa.

A watan Maris na 2018 Disney ya haɗe sashen wuraren shaƙatawa da sashen sayar da kayayyaki suka zama ɗaya a ƙarƙashin Bob Chapek, wanda ya shugabanci sashen kayayyakin kafin ya koma na wuraren shaƙatawa a 2015. Bayan shekara guda da 'yan watanni sai ga tsarin Mayun 2019.

Lissafin tsarin mai sauƙi ne. A lokacin marar zane dala 14.99 ne a shago, mai zane na gama-gari kuma dala 24.99. Sai aka ce wa baƙon otal: na kyautarka mun ɗauke shi a matsayin dala 14.99, cika sauran ka ɗauki mai zane. Abu biyu suka faru a nan, kuma dukansu sun fi dala 10 ɗin muhimmanci. Na farko, an liƙa wa kyautar farashi. Jiya makullin ɗakinka ne, yau ya zama kaya mafi araha a jerin kayan shago. Na biyu, an ɗauko shagon daga cikin fili an kawo shi cikin shafin kama ɗaki, daidai lokacin da ɗoki ya fi yawa. Uwa tana zaune da yara a gaban kwamfuta saura wata guda a tafi, shafi ya buɗe, a gefe guda launuka marasa zane, a ɗaya gefen gimbiyar da 'yarta take kwana take tashi da ita. Iyalin da ya riga ya biya dubban daloli na ɗaki da tikiti, dala 10 ba za ta yi masa kama da kuɗi ba. Kuma idan an saya wa ɗaya, sai an saya wa sauran. Abin ya yi kama da ankon biki: ba wanda ya ce dole ne, amma wa zai so ɗansa ya zama shi kaɗai ne bai sa ba?

Ba na cewa zanen ba shi da amfani. A ɗakin da mutum shida suke kwana, zane yana sa kowa ya gane nasa da safe, wanda kuwa ya ɗauki na wani zai tsaya a bakin shiga don yatsansa ba zai dace ba. Yaron da ya zaɓi nasa da kansa ya fi kula da shi. Wasu zanukan kuma aikin gwaninta ne, musamman waɗanda aka yi wa wani otal ko wani tsohon lilo da mutane suka taso da shi. Mutum yana da 'yancin sayen abin tunawa da tafiyarsa. Abin lura dai shi ne rububin da aka yi a 2019 ya nuna wa kamfani wani abu a fili: baƙin otal a shirye suke su biya kuɗin abin da ake ba su kyauta.

Bayan korona

An rufe filayen a tsakiyar Maris na 2020, aka fara buɗewa ranar 11 ga Yuli. Chapek ya riga ya zama shugaban kamfanin baki ɗaya tun Fabrairun shekarar. Daga nan abubuwa suka biyo juna da sauri. FastPass+ da aka dakatar bai dawo ba. Ranar 1 ga Janairun 2021 awarwaron kyauta ya ƙare ga baƙin otal, marar zane ya koma dala 5 ga wanda ya yi oda kafin zuwa. A Maris aka fito da MagicMobile, mai mayar da wayar hannu tikiti. A Agusta masu tikitin shekara su ma aka daina ba su. Ranar 19 ga Oktoba aka ƙaddamar da Genie+, inda rage layin da yake kyauta tun 1999 ya koma dala 15 a rana ga kowane mutum. A farkon 2022 motar Magical Express, wadda tun 2005 take ɗauko baƙin otal daga filin jirgin Orlando kyauta, ita ma ta tsaya. Awarwaron ɗaya ne kawai daga cikin gatan da baƙon otal ya rasa a cikin kusan shekara guda, kuma shi ne mafi ƙarancin kuɗi a cikinsu, amma shi ne wanda yara suke gani.

Ranar 27 ga Yulin 2022 MagicBand+ ya fito. Yana da fitilu masu canza launi, yana girgiza a hannu, yana gane ɗaga hannu. Don bikin cikar Walt Disney World shekara 50 an kafa mutum-mutumin katun masu ruwan zinare a filayen guda 4, idan ka ɗaga musu hannu sai su yi magana ko kiɗa ya tashi. A yankin Star Wars na Hollywood Studios akwai wasan farauta, awarwaron yana yin kore idan ka kusanci abin da kake nema, ja idan ka yi nisa. Da dare fitilunsa suna bin wasan wuta. Sai dai shi wannan caji ake yi masa, ga iyali mai mutum shida kuwa waya shida ce ta caji ta ƙaru a kan na wayoyi. Idan cajin ya ƙare yana buɗe ɗaki yana shigar da kai fili kamar tsohon, fitilun ne kawai suke mutuwa. A farashin shago na 2022, dala 34.99, awarwaro shida marasa zane sun kusa dala 210, masu zane sun fi haka. A lokacin baƙin otal suna samun ragi idan suka yi oda kafin zuwa. Ranar 26 ga Oktoban 2022 aka kai shi Disneyland ta California, inda ba a taɓa ba da shi kyauta ba, a 2023 kuma ya shiga jiragen ruwan kamfanin da sunan DisneyBand+.

Hujjar kamfanin tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. A 2008 wayar zamani ba ta kai hannun kowa ba, yau kuwa kusan kowane babba yana da ita, kuma tana yin yawancin abin da awarwaron yake yi. Ko a 2016 da aka buɗe Disneyland ta Shanghai ba a kai awarwaron can ba, waya aka dogara da ita. Katin roba kuma har yanzu kyauta ne a teburin karɓar baƙi, yana buɗe ɗaki yana shigar da kai fili. Ba wanda aka hana shiga don bai saya ba. Aika miliyoyin batir ga mutanen da suke da irinsu a durowa kuma ɓarna ce, ko ta fuskar kuɗi ko ta fuskar shara.

Inda na saɓa da su shi ne waya ba ta maye gurbin awarwaro ga waɗanda aka fi yin sa dominsu. Yaro ɗan shekara 6 ba shi da waya. Uwar da take saɓe da jariri a hannu ɗaya, jaka a ɗaya, ba ta da hannun laluben aljihu. A wurin wasan ruwa waya tana cikin akwatin ajiya. Wayar da aka yini ana duba lokacin layi da odar abinci da ɗaukar hoto da ita cikin rana, kafin magariba batirinta ya yi ƙasa. Kati kuma ya koma aljihun uba, inda aka baro shi a 2008. An kashe kusan dala biliyan 1 don baƙo ya ɗaga kai ya kalli wurin da ya zo gani, yau kuwa wanda bai sayi awarwaro ba kansa a sunkuye yake a kan waya.

Ɓarnar ma akwai wasu hanyoyin magance ta, kuma an gan su a aikace. John Padgett, ɗaya daga cikin jagororin aikin MagicBand, ya koma kamfanin jiragen ruwa na Carnival, inda a 2017 aka fito da Ocean Medallion, ɗan faifai mai aiki iri ɗaya a jiragen Princess. Faifan kyauta ne ga fasinja, abin ɗaura shi na ado ne ake sayarwa. A shekarar dai, abokin hamayyar Disney a Orlando, wato Universal, ya buɗe wurin wasan ruwa na Volcano Bay da nasa awarwaron mai suna TapuTapu, wanda a lokacin ake ara wa baƙo a bakin shiga ya mayar idan zai fita. Ɗaya ya ba da na'ura ya sayar da ado, ɗaya ya ba da aro.

Disney yana da hanya mafi sauƙi fiye da su duka, don asusun kowane baƙo yana nuna ko yana da awarwaro mai aiki ko ba shi da shi. Da an so, da sai a daina aika wa mai shi a durowa, a ci gaba da bai wa wanda ya zo karon farko marar zane guda ɗaya, ko da yara kaɗai ne, masu son zane da fitilu kuma su biya. Da hakan ya rage sharar, ya bar kasuwar zanen tana ci. Wanda tsarin yanzu ya fi shafa shi ne iyalin da suka yi shekaru suna tara kuɗi don tafiya ɗaya tak, ciki har da baƙin ƙasashen waje da a da sai sun iso otal suke karɓar nasu. Su ne ba su da tsohon awarwaro a gida, kuma su ne ainihin baƙin farko da aka kafa ayarin 2008 don kada su koma gida a jigace.